Fashin Baƙi: Yadda "You" Ta Cinye "Kai" da "Ku" a Turanci

An taɓa kawo mini wani ɗan aikin fassara, gajerun saƙonnin waya ne da ake so a mayar da su Hausa. Layin farko kalma uku ne kacal: "You have won." Na zauna ina kallonsa kamar na ga baƙon rubutu, ba don ban san ma'anarsa ba, sai don ban san wa ake nufi ba. Ka ci ne, ko kin ci, ko kun ci? Na tambayi wanda ya kawo aikin, ya ce da ni, "Malam, kowa ake nufi." Na ce to ai Hausa ba ta yarda ka tsaya a gaban mutum kana yi masa magana ba tare da ka nuna namiji ne ko mace, shi kaɗai ne ko da 'yan rakiya ba. Ya yi dariya, ya ɗauka tsokana nake yi.

Masu nahawu suna kasa wakilin suna gida uku: mai magana, da wanda ake yi wa magana, da wanda ake magana a kansa. Wanda ya yi karatun zaure ya san su da mutakallim da mukhaɗab da ga'ib, ɗan boko kuwa ya san su da mutum na ɗaya da na biyu da na uku. Na tsakiyar shi ne abin dubawarmu. Hausa tana da kai da ke da ku. Larabci ya fi mu wadata, yana da biyar: anta, anti, antuma, antum, antunna. Turancin yau, da duk faɗin duniyar da ya mamaye, kalma ɗaya tak yake da ita. Da ita ake yi wa sarki magana, da ita ake yi wa jariri wasa, da ita ake korar kare, da ita ake jawabi ga taron mutum dubu hamsin. Ba haka harshen ya taso ba. Rashi ne ya same shi, kuma abin da ya jawo rashin zai ba Bahaushe mamaki: ladabi ne ya yi yawa.

A tsohon Turanci, wanda aka yi kafin shekarar 1100, tsarin a fili yake. In mutum ɗaya ne a gabanka, ka ce "thu", wadda daga baya ta zama "thou". In jama'a ce, ka ce "ge", wadda ta zama "ye". Har da wata ta uku, "git", ta mutum biyu cif, daidai da antuma ta Larabci, amma ita ta riga sauran mutuwa, kafin ƙarshen ƙarni na 13 an daina jin ɗuriyarta. Kowace kuma tana sauya kama gwargwadon aikinta a jimla: "thou" in shi ne ya aikata, "thee" in a kansa aikin ya faɗa, "ye" in su ne suka aikata, "you" in a kansu ya faɗa. A lura da wannan, domin nan ne asalin jarumar tamu. "You" ba ta fara rayuwa a matsayin shugaba ba. Karɓau ce ta jam'i, wato kamar "ku" ɗin da ke cikin "na gan ku". Abu guda da Turanci bai taɓa mallaka ba tun fil azal shi ne bambancin kai da ke. Ko a wancan zamani, "thou" ɗaya ce ga namiji da mace.

Sai shekarar 1066 ta zo, Normawa suka ƙetaro daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Kusan ƙarni uku Faransanci ne harshen fada da kotu da manyan gidaje. A Faransanci kuwa akwai al'adar da har gobe tana nan: aboki da yaro da na ƙasa da kai ka ce musu "tu", babba da baƙo ka ce masa "vous", wadda asalinta jam'i ce. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin a gidaje da yawa yaro mai tarbiyya in ya durƙusa gaban tsoho cewa yake yi, "Baba, kun tashi lafiya?" alhali tsohon shi kaɗai ne a kan buzunsa. Ana yawaita mutum ne don a girmama shi. Daga ƙarni na 13 Ingilishi suka fara kwaikwayon wannan, suna ce wa mutum ɗaya "ye" da "you" in ya fi su daraja.

Tun daga nan kalmomin biyu suka daina ƙidaya kawuna kaɗai, suka koma auna matsayi. Uba ya ce wa ɗansa "thou", ɗa ya amsa da "you". Maigida ya ce wa bara "thou", bara ya amsa da "you". Manya a junansu "you" suke yi, talakawa a junansu "thou". Masoya kuma in zance ya yi daɗi sai su zame zuwa "thou", haka mai fushi in ransa ya ɓaci. Kalma ɗaya ta ɗauki ƙauna da raini a lokaci guda, sai dai a gane daga bakin da ta fito da kuma fuskar mai faɗinta. Wasu masana biyu na Amurka, Roger Brown da Albert Gilman, sun yi wani shahararren nazari a 1960 kan wannan tsari a harsunan Turai, inda suka nuna igiya biyu ce ke jan sa: iko da kuma zumunci.

Yadda "thou" ta zama makami kuwa, akwai misalin da ba a mantawa. A 1603 aka gurfanar da Sir Walter Raleigh a birnin Winchester bisa zargin cin amanar Sarki James na Ɗaya. Mai gabatar da ƙara, Sir Edward Coke, da ya so ya wulaƙanta shi a bainar jama'a, sai ya daka masa tsawa: "I thou thee, thou traitor!" Ya mayar da wakilin sunan ya zama aikatau ke nan. Fassara mafi kusa ita ce, "Na ce maka kai ɗin, kai maci amana!" Ka tuna yadda tsohuwa takan zabura in yaro ya ce mata "ke" gatsau, ta ce, "Ni kake ce wa ke?" To wannan zafin ne. A daidai wannan zamani Shakespeare ya sa wani ɗan shaye-shaye a wasansa na Twelfth Night yana zuga abokinsa ya rubuta takardar neman faɗa, yana ba shi shawarar ya jefa wa abokin gabar "thou" kamar sau uku, hakan ba zai zama laifi ba. Masu kallo na wancan lokaci sun san abin dariyar nan take. Ɗalibin yau da aka ɗora wa Shakespeare a aji, yawanci wucewa yake yi bai ji komai ba, don an gaya masa "thou" tsohuwar "you" ce kawai. Rabin rigimar da ke cikin wasannin nan a sauyin waɗannan kalmomi biyu take ɓoye.

To me ya kashe "thou"? Masana suna kawo dalilai da dama, amma wanda ya fi kama hankalina shi ne na birni. Landan ta ƙarni na 16 da na 17 ta cika ta batse da baƙi. Ɗan ƙauye ya shigo ya yi kuɗi a fatauci, ɗan babban gida ya talauce, tufafi ya daina nuna asali. A ƙauye kowa ya san kowa, ka san wanda za ka ce wa "thou". A birni kuwa mutumin da ka raina yau, gobe shi ne mai ba ka bashi. In ka girmama wanda bai kai ba, ba ka yi asarar komai ba. In ka raina wanda ya kai, ka jawo wa kanka. Sai kowa ya ga tsira tana ga "you". Ana cikin haka kuma "you" ta ture 'yar'uwarta "ye" daga kujerar aikau, wato mai aikata aikin a jimla, domin in ana magana da sauri sautinsu yana kusantar juna. Akwai kuma masu cewa nauyin aikatau ya taimaka, tunda "thou" tana jan wutsiya: "thou lovest", "thou hast", "thou wilt", alhali "you love" ba ta buƙatar komai. Kafin ƙarshen ƙarni na 17, "thou" ta fita daga bakin masu Turancin birni.

Ba a bar ta ta tafi salin alin ba. Wata ƙungiyar addini da ta ɓullo a tsakiyar ƙarni na 17, wadda aka sani da Kwekas, ta ɗauki zancen da zafi. Jagoransu George Fox yana ganin ce wa mutum ɗaya "you" ƙarya ce da fadanci, domin ɗaya ɗaya ne, kuma duk ɗan Adam daidai yake a gaban Mahalicci. Saboda haka alƙali da basarake da bara duk "thou" suke ce musu, kuma ba sa tuɓe wa kowa hula. A 1660 Fox da abokansa biyu suka fitar da littafi sukutum, suna jero misalai daga harsuna da dama don su nuna tilo daban, jam'i daban. Sun sha duka da ɗauri a kan wannan da sauran aƙidunsu. Ɗaya daga cikinsu, Thomas Ellwood, ya rubuta a tarihin rayuwarsa yadda mahaifinsa ya harzuƙa ya yi masa barazanar zubar masa da haƙora in ya ƙara ce masa "thou". A nahawu Fox yana da gaskiya, amma harshe ba kotu ba ne. Wasu ma suna ganin nacin Kwekas ya ƙara sa jama'a gudun kalmar, don kada a ɗauka su ma 'yan ƙungiyar ne. Abin ban dariya, jikokinsu da suka yi ƙaura zuwa Amurka su ma daga baya suka cakuɗa tsarin, suna cewa "thee is", abin da da Fox ya ji da ya riƙe baki.

A Suwidin akasin haka aka yi. A ƙarshen shekarun 1960 jama'a suka watsar da kalmomin girmamawa, kowa ya koma ce wa kowa "du", wato kai. Su sun daidaita mutane ta hanyar sauko da manya. Ingilishi sun daidaita su ta hanyar ɗaga kowa ya zama babba.

Inda "thou" ta sami mafaka shi ne wurin ibada, kuma nan ne aka yi wani juyi mai ban sha'awa. William Tyndale, wanda fassararsa ta Sabon Alkawari ta fito a 1526, ya riƙe "thou" ga tilo da "ye" ga jam'i, ba don girma ko raini ba, sai don Girkanci da Ibrananci suna bambanta su. Fassarar Sarki James ta 1611 ta bi sawunsa, a lokacin da ma kalmar ta fara tsufa a kan titi. Amfanin hakan yana fitowa a wurare irin su Luka sura 22, aya ta 31 da 32, inda ake yi wa Bitrus magana: farkon zancen "you" ne, almajiran duka ake nufi, sai aya ta gaba ta koma "thee", shi kaɗai. A Turancin yau duka biyun "you" ne, mai karatu ba zai san an juya ba sai an yi masa ƙarin bayani a ƙasan shafi. Mai karanta Hausa kuwa yana ganin "ku" ta koma "ka" da idonsa.

Da shekaru suka ja, mutane ba sa jin "thou" sai a coci da waƙoƙin ibada, sai suka ɗauka kalmar ɗaukaka ce ta musamman ga Ubangiji. Kalmar da ake ce wa yaro da bara da masoyi ta zama mafi ƙasaitar kalma a harshen. Har wata fassarar Baibul ta 1952 ta cire ta daga ko'ina ta bar ta a inda ake yi wa Allah magana kaɗai.

Masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci sun ci karo da wannan katanga su ma, kuma tasu ta fi tsayi. Marmaduke Pickthall a 1930 da Abdullah Yusuf Ali a 1934 duk sun koma ga "thou" da "ye". Wasu suna ɗauka don su ƙawata zance ne, amma akwai larura a ciki. A sura guda za a yi magana da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi kaɗai, sai a juya ga muminai, sai a juya ga mutane baki ɗaya. Larabci yana nuna wannan da harafi ɗaya. Dubi Suratul Duha, daga farko har ƙarshe mutum ɗaya ake yi wa magana. In ka sa "you" tsurarta, mai karatu bai san ko shi ake nufi ko wani ba. Shi ya sa fassarorin baya-bayan nan, irin ta Abdel Haleem ta 2004, da suka zaɓi Turancin zamani, dole suka riƙa cusa kalmar "Annabi" a tsakanin baka don su nuna wanda ake nufi. Malamin da ke tafsiri da Hausa a watan azumi bai san wannan wahala ba. "Ka" da "ku" sun ɗauke masa ita.

Rashin ya bar tabo a jikin nahawun kansa. Duk ɗalibin da ya taɓa tambaya me ya sa ake cewa "he is" amma a ce "you are" ga mutum ɗaya, tambayarsa tana kan hanya, ko da malami ya ce masa haka dokar take. Amsar ita ce "you" jam'i ce, ta shigo gidan tilo da kayanta. A ƙarni na 18 mutane da yawa, har da masu ilimi, sun nemi gyara da kansu: "you was" in mutum ɗaya ne, "you were" in suna da yawa. Dabara ce mai ma'ana. Sai Robert Lowth, wani malamin coci da ya wallafa littafin nahawu a 1762, ya yi tir da ita a matsayin babban kuskure, makarantu suka bi shi, aka kashe ta a rubutu. Wuri ɗaya tak da bambancin ya tsira a daidaitaccen Turanci shi ne "yourself" da "yourselves".

Amma baki ba ya jiran izinin littafi. Duk inda Turanci ya je, masu shi sun ji ciwon wannan giɓi sun toshe shi da abin da suka samu. A kudancin Amurka "y'all" suke cewa. A Ailan akwai masu riƙe da "ye" har yau a matsayin jam'i, akwai masu cewa "youse", wadda kuma ake ji a Liverpool da Glasgow da wasu unguwannin New York da Ostireliya. Mutanen Pittsburgh suna da "yinz", har ta zama tambarin garinsu. "You guys" ta bazu a Amurka, ana faɗa wa maza da mata, ko da yake akwai masu ƙorafin asalinta na maza ne. A Ingila ana jin "you lot". Harshen Tok Pisin, burokan ɗin ƙasar Papua New Guinea, ya wuce kowa: "yu" ga ɗaya, "yutupela" ga biyu, "yupela" ga jama'a, ya dawo da abin da Turanci ya zubar shekaru ɗari bakwai da suka wuce. A arewacin Ingila kuwa, a Yorkshire da Lancashire, tsohuwar "thou" ba ta mutu gaba ɗaya ba, tana nan a bakin wasu a matsayin "tha".

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. Burokan ɗin Najeriya yana da "una", wadda masana ke danganta asalinta da "unu" ta harshen Ibo, kuma ita ce ta ƙetare teku a zamanin cinikin bayi ta zauna a bakin mutanen Jamaika. A Turancin 'yan boko kuma muna cewa "you people", ba tare da wata manufa ba illa "ku". A nan dai a yi hattara. A Amurka wannan furuci yana ɗauke da ƙura, ana jin sa kamar "ku ɗin nan", wato ware wasu mutane ana nuna su da yatsa. Ross Perot, attajirin da ya nemi shugabancin Amurka a 1992, ya sha suka bayan ya yi amfani da irin wannan lafazi a gaban taron ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP. Ɗan Najeriya da ya sauka can ya ce wa abokan aiki "you people" da zuciya ɗaya, zai ga fuskoki sun sauya bai san dalili ba.

Zuwa nan kamar labarin asara nake bayarwa. Sai dai kalmar da ba ta nuna jinsi, ba ta nuna adadi, ba ta nuna matsayi, ta zama riga mai shiga kowa, kuma masu rubutu sun gano haka tuntuni.

Fara da "you" ɗin da ba kowa take nufi ba. In Bature ya ce "you never know", ba kai yake nufi ba, kowa yake nufi har da shi kansa. Tsohon Turanci yana da kalma ta musamman don wannan, "man", irin wadda Jamusanci ke da ita har yau, amma ta ɓace. Akwai "one", sai dai tana da ƙamshin fada, mai yawan faɗinta ana yi masa kallon mai ji da kai. Sai nauyin ya koma kan "you". Hausa tana da hanya biyu a nan: muna da "a" da "an" da "ana", muna kuma da "ka" irin ta karin magana, kamar "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa", wadda mace ma takan faɗa wa mace ba tare da ta sauya ta ba. Wasu masana halayyar ɗan Adam a Jami'ar Michigan sun wallafa bincike a mujallar Science a 2017, inda suka nuna mutane sun fi komawa ga irin wannan "you" in suna ƙoƙarin ciro darasi daga wani abin baƙin ciki da ya same su. Mutum yana ba da labarin kansa da "I", da ya iso wurin da ke ciwo sai ya zame zuwa "you". Ya ɗan ja da baya daga raunin ke nan, ya mayar da shi abin da ke samun kowa. Mu ma muna yi: "Wallahi in aka yi maka haka, sai ka rasa abin da ke maka daɗi," alhali mai maganar kansa yake nufi.

Masu talla da masu farfaganda su suka fi kowa cin moriyarta. A 1914 aka zana Lord Kitchener, ministan yaƙin Birtaniya, da gashin bakinsa yana nuna mai kallo da yatsa, ana cewa ƙasarka tana buƙatarka. A 1917 Amurka ta yi nata da hoton Uncle Sam, dattijon da ake zanawa a matsayin alamar ƙasar, shi ma yana nuna mai kallo da yatsa. Ƙarfin hoton yana cikin harshen damo na kalmar: miliyoyi ake kira, amma kowa ji yake shi kaɗai aka nuna. Mujallar Time da ta tashi zaɓen gwarzon shekarar 2006, "You" ta zaɓa, tana nufin duk masu zuba abubuwa a intanet, shekara guda bayan kafa YouTube, wanda shi ma da kalmar aka raɗa masa suna. Gwada fassara bangon wannan mujalla zuwa Hausa. In ka ce "Kai", ka kori mata. In ka ce "Ku", yatsan ya daina nuna mutum ɗaya, ya zama jawabin taro.

A makaranta kuwa korar ta ake yi. Duk wanda ya rubuta kundin digiri da Turanci an gargaɗe shi kada ya kuskura ya sa "you". Dalilin yana da tushe: rubutun bincike yana son a san takamaimai wa ake nufi, ita kuwa ba ta da alƙibla. Amma a ganina an wuce gona da iri, har aka haifi ɗalibai masu tsoron yi wa mai karatu magana ko a wasiƙa, suna lulluɓe kowace jimla da "it should be noted". Abin lura, gwamnatin Amurka ta bi ta ɗaya hanyar. Bayan dokar sauƙaƙa rubutun hukuma ta 2010, ƙa'idojin da ma'aikatu ke bi suna ƙarfafa a yi wa ɗan ƙasa magana kai tsaye da "you", don ya gane abin da ake so ya yi ba sai ya nemi lauya ba. Littafin girki da takardar magani da umarnin haɗa na'ura dama can a mutum na biyu suke, sai dai a ɓoye, domin umarni a Turanci ba ya furta wakilin sunan: "stir", "open", "take two". Hausa ma tana da "buɗe" da "zauna" tsurarsu ga mutum ɗaya, amma da jimla ta ƙara tsawo dole "ka" ko "ki" ta leƙo.

Wurin da abin ya fi ba ni sha'awa shi ne ƙagaggen labari. Yawancin labarai da "na" ko "ya" ake ba da su. Ba da labari da "ka" abu ne mai wuya, kamar tafiya a kan igiya. Marubuci yana ce maka ka shiga ɗaki, ka zauna, gabanka yana faɗuwa, kai kuwa kana kwance a gadonka ka san ba ka shiga ko'ina ba. In bai iya ba, shafi biyu za ka yi ka ajiye. In ya iya, sai ka ji an sa maka rigar wani. Jay McInerney ya yi suna da wannan salo a 1984 da littafinsa Bright Lights, Big City, labarin wani saurayi a New York da rayuwarsa ke wargajewa. Da ka yi nisa za ka gane ba kai ake yi wa magana ba. Mutumin ne yake yi wa kansa, don ba zai iya cewa "ni" ya ɗauki nauyin abin da yake aikatawa ba. Daidai abin da masanan Michigan suka auna daga baya. Chimamanda Ngozi Adichie ta yi amfani da shi ta wata fuskar a labarin da ta sa wa tarin gajerun labaranta na 2009 sunansa, The Thing Around Your Neck: budurwa 'yar Najeriya ta ci cacar bizar Amurka, ta je ta tarar da kaɗaici. Ba'amurken da ke karantawa, wanda ya saba kallon baƙi daga nesa, sai ya tsinci kansa shi ne baƙuwar. Kalmar ba ta tambaye shi jinsinsa ko launinsa ba kafin ta jefa shi ciki.

Littattafan yara na Choose Your Own Adventure, da aka fara fitarwa a jere a 1979, a kan wannan suka ginu ɗungurungum. Mai karatu shi ne jarumi, a ƙarshen shafi a ce in ka zaɓi shiga kogo tafi shafi kaza, in ka zaɓi komawa gida tafi shafi kaza. Yaro da yarinya littafi ɗaya suke ɗauka, kowa ya ga kansa. Wasannin kwamfuta na farko da ake bugawa da rubutu zalla su ma haka suke yi wa ɗan wasa magana. Mai son yin irin wannan da Hausa sai dai ya buga littafi biyu, na "ka" da na "ki", ko ya cika shafi da "ka/ki" har ido ya gaji. Shi kuwa labarin Adichie, da za a fassara shi, kalmar farko za ta yanke hukunci: "kin". Namijin da ke karantawa ya zama ɗan kallo tun daga layin farko, yana sauraron ana yi wa wata magana. Wani abu ya ragu. Wani abu kuma ya ƙaru, domin "kin" ɗin nan tana da ɗumin da "you" ba ta da shi, kamar uwa ce ko aminiya ta zaunar da ita tana tuna mata abin da ya faru.

Mai karatu mai lura ya riga ya kama ni: tun daga sama "ka" nake ta yi, kamar babu mata a cikin masu karanta wannan. Na sani. Na gwada "ku" na ji kamar ina kan mumbari, na gwada "a" na ji kamar sanarwar hukuma. 'Yan'uwa mata su yi mini afuwa, tsohuwar al'adar karin magana na fake da ita.

Saƙon wayar nan kuwa, mun daɗe muna ja. Mai aikin ya so a sa "Ka/Kin ci", na ce wannan ba magana ba ce, fom ne. Na ba shi "Kun yi nasara", ya ce kada mutum ya zaci kyautar ta mutane da yawa ce za a raba. Daga ƙarshe muka kauce wa mutum na biyun gaba ɗaya, muka rubuta, "Albishir! Wannan lamba ta yi nasara." Layi na biyu a takardar shi ne "Thank you", na rubuta "Mun gode" na wuce.